Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ya Rage a Bakin Filin Wasa?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan filin wasan makaranta. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin ta taɓo mini tsohon miki.

Assalamu alaikum Malama. Ni shugabar wata makarantar firamare ce. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mana kuɗin gyara filin wasa, wanda yanzu babu komai a cikinsa sai yashi da tsofaffin lilo biyu. Muna da yara uku masu buƙata ta musamman: yarinya a kan keken guragu, yaro mai dogara sanduna, da wata yarinya da ba ta gani sosai. Ɗan kwangila ya nuna mana hoton wani lilo da ake shigar da keke ciki, amma shi kaɗai zai cinye kusan rabin kuɗin. Mu saya?

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tuna da yaran nan uku tun kafin a zuba siminti. Shawarata ita ce ki dakata da sayen lilon nan tukuna, kuma ga dalilina.

A wata makaranta da na koyar shekaru da dama, an taɓa sayo irinsa saboda wata ɗalibata. Ina cikin waɗanda suka dage sai an saya, ranar da aka kafa shi kuwa har ƙwalla na yi don murna. Ƙarfe ne mai nauyin gaske, idan yana kai da komo zai iya karya duk yaron da ya gifta, don haka aka kafa shi can ƙuryar fili, aka kewaye shi da waya, aka sa ƙofa da kwaɗo. Makulli yana ofis. Duk ranar da yarinyar ke son hawa sai an nemo makulli, an nemo babba mai turawa, sauran yara kuma su jeru a jikin waya suna kallonta. Ta hau 'yan lokuta a zangon farko, daga nan ta daina tambaya. Da na matsa mata ta gaya mini dalili, sai ta ce, "Malama, can babu kowa." Har yau maganar nan tana min yawo a kunne. Mun ba ta lilo, mun raba ta da ƙawayenta, alhali abin da yaro ke fita nema lokacin tara shi ne sauran yara.

Saboda haka kafin ki taɓa kuɗin, ki ba kanki mako guda. Ki zana filin a takarda, ki tsaya a gefe duk lokacin tara, ki riƙa sa alama inda yara ke taruwa da inda yaran nan uku suke tsaye ko zaune. Sannan ki aro keke, ki zauna a kai, ki tura kanki daga ƙofar aji zuwa fili, daga fili zuwa famfo, daga famfo zuwa banɗaki. Duk inda tayar ta tsaya, nan aikinki yake. Ki kuma zaunar da yaran su faɗa miki da bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ki tambaye su kayan da suke so, za su faɗi abin da suka gani a hoto. Ki tambaye su wane wasa suke kallo ana yi su ma suna sha'awa, da abin da ke hana su shiga.

Abin da na sha gani shi ne ƙasa ce ke fara korar yaro, tun kafin ya isa wajen wani lilo. Ƙananan tayoyin gaban keke suna nutsewa a yashi. Bakin sanda yana zamewa a kan tsakuwa. Don haka kaso mafi tsoka na kuɗinku ya tafi kan hanya mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Faɗinta ya kai mita 1.5. Wannan awo shi ne abin da keke ke buƙata ya juya, kuma shi ne ke bai wa ƙawa damar tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙawarta suna hira, maimakon ta riƙa bin ta a baya kamar mai rakiya. Inda akwai hawa, kada gangaren ya fi 1 cikin 12 tsanani: matakala mai tsayin santimita 30 tana buƙatar gangare mai tsawon mita 3.6. Idan wuri ya ba ku, 1 cikin 20 ya fi, don yaro zai iya tura kansa ba tare da neman taimako ba. Hanyar kuma ta ratsa tsakiyar inda ake wasa ta zagayo, kada ta je ta mutu a jikin katanga. Za ki ga cikin kwana biyu duk yaran makarantar sun mai da ita wurin tsere.

Saboda yarinyar da ba ta gani sosai, a shafa wa gefen hanya da bakin kowace matakala fenti mai haske da ya bambanta da launin ƙasa, a kuma ɗan ɗaga gefen yadda sanda ko ƙafa za ta ji shi. Lilo ya kasance nesa da hanyar wucewa. Yaro mai gani yana hango lilo na zuwa ya kauce, ita kuwa sai dai ta ji shi a goshi. Idan abin da ake takawa ya sauya kafin a shiga wajen lilo, ƙafarta za ta sanar da ita.

Akwai wata matsala da ɗan kwangila ba lallai ya gaya miki ba. Ƙarƙashin abin hawa dole a sa abu mai laushi, don faɗowa ita ce kan gaba wajen jikkata yara a filin wasa. Yashi da ɓarɓashin katako suna tare faɗuwa, amma yashi yana hana keke shiga. Shimfiɗar roba tana yin aikin biyu, sai dai tana da tsada kuma tana ɗaukar zafi a rana. Abin da nake ba makarantu shawara shi ne a shimfiɗa roba a iya layin da zai kai yaro bakin kowane abin wasa, sauran wurin a zuba abu mai laushi zurfin santimita 30. Zai danne da takawa, kada a bari ya gaza 23. A sa wani ya riƙa baje shi duk mako, musamman ƙarƙashin lilo inda ƙafafu ke haƙa rami.

Sai kayan wasan kansu. Ki nemi waɗanda yara da yawa ke hawa lokaci guda. Akwai lilo mai faɗi kamar kwando wanda yara uku ko huɗu ke shiga, yaron da ba ya iya zama da kansa a kwantar da shi a tsakiya. Akwai faifan nan mai juyawa da ake binne shi daidai da ƙasa, keke ya shige kai tsaye, wasu na turawa wasu na ihu. Abin zamiya kuwa, maimakon a ɗora shi kan tsani, a tara ƙasa a yi tudu a kwantar da shi a jikin tudun, mai faɗin da biyu za su zamo tare. Yaron nan mai sanduna zai hau tudu a hankali, abin da tsani ba zai taɓa ba shi ba. Inda yaro zai bar keke ya hau abu, a yi masa dakali mai tsayin santimita 28 zuwa 46 da abin riƙewa. Teburin wasan yashi ko ruwa a bar kimanin santimita 60 a ƙarƙashinsa don gwiwa ta shige. Waɗannan awo daga ƙa'idojin gini na Amurka na shekarar 2010 suke, kuma magini mai hankali zai iya binsu da tef ɗin awo kawai.

Wani masanin zanen gine-gine Ba'amurke, Ronald Mace, wanda shan inna ya kama yana ɗan shekara 9 ya yi rayuwarsa a kan keke, shi ya yaɗa ra'ayin a tsara abu tun farko yadda kowa zai yi amfani da shi, ba sai an gama a zo ana liƙa wa wasu nasu a gefe ba. Shi da abokan aikinsa sun fitar da ƙa'idoji 7 a 1997. Hausawa sun riga sun faɗa a taƙaice: tun ran gini tun ran zane.

Na san a taron iyaye wani zai miƙe ya ce, a kan yara uku za a kashe duk wannan? Ki gaya masa cewa a 2021 asusun UNICEF ya ƙiyasta yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato kusan 1 cikin kowane 10. Uku kika ƙirga don su ake gani. Akwai mai ƙarancin ji da ba a gano ba, akwai mai asma, akwai wanda ya karye yana ɗingishi wata biyu, akwai kuma waɗanda iyayensu suka leƙo makarantar suka ga yashi da matakala suka koma da 'ya'yansu gida. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, a sashe na 30, ta ambaci wasa a cikin makaranta ƙarara a matsayin haƙƙin waɗannan yara daidai da sauran.

Lilon da aka nuna miki yana da ranarsa. Akwai yaran da ba a iya ɗaga su daga keke ko kaɗan, su wannan ne kaɗai hanyarsu ta jin iska a fuska. Idan ɗalibarki na cikinsu, ku tara masa kuɗi a zagaye na biyu, ku kafa shi kusa da sauran lilo inda za ta ji muryar ƙawayenta, makulli kuma ya kasance a aljihun malamin da ke kula da fili.

Malama, ɗana mai shekara 7 yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Da an kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunne ya gudu bayan aji. Malamansa suna jawo shi su sa shi cikin masu ƙwallo don ya saba. Kullum yana dawowa gida a hargitse. Me zan roƙi makarantar ta yi?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki shi. Malaman nan da kyakkyawar niyya suke yi, amma abu na farko da za ki roƙa shi ne su daina jawo shi. Ihu, gudu ta kowane ɓangare, ƙwallo da ba a san inda za ta faɗo ba, duk suna zubo masa lokaci guda, kuma bayan aji da yake gudu shi ne maganin da ya samo wa kansa.

A 1932 wata mai bincike, Mildred Parten, ta wallafa abin da ta gani bayan ta daɗe tana lura da ƙananan yara suna wasa. Ta nuna cewa wasa iri-iri ne: akwai mai yi shi kaɗai, akwai mai tsayawa yana kallo, akwai biyun da ke zaune gefe da gefe kowa na nasa, kafin a kai ga wasan haɗin gwiwa. Filayen makarantu da yawa nau'i na ƙarshe kaɗai suka tanadar wa wuri. Ƙwallo ta mamaye tsakiya, duk wanda ba ya bugawa an tura shi jikin bango, har da 'yan mata da yawa da yara masu sanyin hali. Ki roƙi a ware wa ƙwallo ɓangarenta, a bar wani ɓangare na wasan natsuwa.

A wannan ɓangaren a yi masa maɓoya: 'yar bukka, ko babban bututun kwalbati da aka goge bakinsa, mai ƙofa biyu don kada a rutsa shi, a inda yake hango fili kuma malami na hango shi. Daga nan zai riƙa kallo, ranar da ya shirya ya fito da kansa. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: kada a taɓa tura yaro wurin nan a matsayin horo. Ranar da aka yi haka ya tashi daga mafaka.

Kusa da shi a ajiye tarkacen da ba su da ƙa'ida: tsofaffin tayoyi, akwatunan roba, bokitai, ƙyallaye, guntayen katako da aka goge. Wani Bature, Simon Nicholson, ya yi rubutu a 1971 cewa yawan abubuwan da yaro zai iya ɗauka ya sauya musu wuri shi ke ƙara masa ƙirƙira. Ni abin da na gani da idona shi ne irin wannan kaya su ne ƙofar shiga ga yara irin ɗanki. Na taɓa samun wani yaro da ya yi makonni yana jera tayoyi a layi shi kaɗai. Wata rana wani ya fara tsallake su ɗaya bayan ɗaya, sai ga layin yara. Bai ce da kowa uffan ba, amma kullum shi ke jerawa, su kuma suna jiransa ya gama.

Ƙananan abubuwa uku kuma: a riƙa sanar da shi minti 5 kafin ƙararrawa, ki kai shi filin ranar da babu kowa ya zagaya ya san shi, kuma ki duba shingen. Wasu yara masu wannan lalura suna ficewa da gudu ba tare da lura da mota ba, don haka fili ya kasance a kewaye, da ƙofa ɗaya da ido ke kanta.

Malama, ni ne malamin da ke kula da fili lokacin tara. Tun da wata yarinya mai lalurar ƙafa ta faɗi ta fasa leɓe, aka ce duk masu lalura su riƙa zama a aji. Gaskiya ni ma hankalina ya fi kwanciya. Laifi ne?

Malam, na gode da ka faɗi gaskiyar zuciyarka, kuma na san nauyin amanar 'ya'yan mutane. Amma e, wannan hukunci kuskure ne, ina roƙonka ka koma ka nemi a janye shi. Yara nawa masu ƙafa lafiya suka fasa leɓe a filin nan bana? Wa aka tsare a aji a cikinsu?

Abu biyu ne ake haɗawa a nan. Akwai haɗarin da yaro ke gani da idonsa ya auna ya zaɓa: in hau ko kada in hau, in saki hannu ko in riƙe. Akwai kuma tarkon da ba ya gani. Aikinka shi ne farautar tarko. Ka zagaya kowace safiya ka duba noti da ya fito, ƙarfe mai tsatsa, siminti a ƙarƙashin abin hawa, igiya da za ta iya shaƙe wuya. Ka auna duk wata kafa tsakanin ƙarafa: wadda ke tsakanin santimita 9 da 23 jikin ƙaramin yaro na iya zurarewa ta ciki kansa ya maƙale. Ka tabbata akwai sarari kimanin mita 1.8 kewaye da abin hawa, ba dutse ba benci. Idan ka kawar da waɗannan, sauran na yaro ne.

Wata Baturiyar Ingila, Lady Allen ta Hurtwood, ta ziyarci wani fili a Emdrup da ke Kofanhegan, babban birnin Denmark, a 1946, inda aka bar yara suna gini da katako da tarkace, ta dawo ta yi ta fafutukar a yi irinsa a ƙasarta. A 1970 ta jagoranci buɗe irin wannan fili a unguwar Chelsea ta Landan musamman don yara masu naƙasa, da hawa da ruwa da yashi, domin ta lura su ne aka fi killacewa da sunan tausayi. Wata mai bincike 'yar ƙasar Nowe, Ellen Sandseter, ta lissafa a 2007 irin wasannin kasada da yara ke nema da kansu, ciki har da tsayi, gudu mai ƙarfi, kokawa da ɓuya daga idon manya. Yarinyarka tana son waɗannan kamar kowa. Jikinta ma yana buƙata: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma ta faɗa a fili cewa har da masu naƙasa.

Abin da ya kamata a yi shi ne a zauna da iyayen kowane yaro, da bayanin likitansa, a san nasa. Mai sikila yana buƙatar inuwa, ruwan sha kusa, da izinin hutawa ba tare da an ce rago ne ba. Mai farfaɗiya babba ya kasance kusa idan zai hau sama. Zabiya rumfa yake buƙata da hula, don rana na ƙona masa fata tana kashe masa ido. Kowane ɗaya da tanadinsa, kuma a cikinsu babu wanda maganinsa zaman aji ne.

Wata alfarma nake nema a wurinka, tunda fili a hannunka yake. Kada ka mai da yaro mai lalura alƙalin wasa ko mai riƙe maki na dindindin. Mukan yi haka mu ce mun sa shi ciki, shi kuwa ya san a gefe yake. Ka sauya dokar wasan. Ƙwallo mai ƙararrawa a ciki tana shigar da wanda ba ya gani. Akwai ma wasa sukutum da aka ƙirƙiro a 1946 don sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu, inda kowa ke ɗaure ido ana mirgina ƙwallo a ƙasa ana tarewa da jiki. Ka gwada shi da ajinka, ka ga wanda za a riƙa rububin ɗauka a ƙungiya.

'Yata tana da na'urar ji da aka dasa mata a kunne. An ce kada ta hau abin zamiya na roba. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, Baban yarinya. Idan tufafi ya gogi roba yakan tara irin lantarkin nan da ke sa gashi ya miƙe, kuma yana iya hargitsa saitin ɓangaren na'urar da ke waje. Sababbin na'urori sun fi daɗaɗɗu kariya, don haka ka tambayi likitan da ke duba ta game da irin tata. Wasu iyaye kan cire na'urar lokacin wasa, amma hakan na nufin ta yi zamiya ba ta jin dariyar ƙawayenta, ba ta kuma jin kiran malami. Idan makarantar za ta sayi sabo, ka roƙi na ƙarfe mara tsatsa, a kafa shi ƙarƙashin bishiya ko rumfa, don ƙarfe a rana yana ƙona cinyar yaro cikin daƙiƙu. Malamin fili ya riƙa ɗora bayan hannunsa a kai kafin a saki yara. Idan shi bai iya barin hannun a wurin ba, a rufe shi sai rana ta yi sanyi.